Kalmar da Silke Ta Ƙi Bari da Ingilishi

Shafi na 14

Masu tambayar abin da ya hana ni rubutu kwana biyu, ciwon hannu ne. Da yatsa ɗaya nake buga abin nan, kuma yatsan ya fara ɗaukar bulo tun ba a haifi yawancinku ba. Wanda ya ce in gajarta, ban gajarta ba. Wanda ya ce in fito fili in faɗi mai laifi tsakanin 'ya'yana, ya karanta ya gani.

Sababbin shigowa, ga inda aka tsaya.

Ni ne Alwin Bechtold, birkila, na ajiye aiki. 'Ya'yana biyu. Silke mai fassara ce, daga Ingilishi zuwa Jamusanci, harkar kasuwar hannun jari. Ƙanenta Holger yana aiki da wani kamfanin Landan da ya buɗe reshe a nan Frankfurt, shi ne shugaban masu jawo wa kamfanin abokan ciniki. Kamfanin ya ba Silke aikin fassara ƙa'idojinsa. Ba wanda ya san 'yan uwan juna ne a can, don ita da sunan tsohon mijinta take aiki, Vollrath.

Faɗansu a kan kalma ɗaya ne. Mutanen Landan suna ce mata "majin kol". Ma'anarta, ka zuba kuɗinka, kasuwa ta juya maka baya, kuɗin ya ƙone, sai kamfani ya ce ka ƙaro wani daga aljihunka, ko kana so ko ba ka so. A lokacin doka ba ta hana a yi wa talaka haka ba. Silke ta sa mata kalmarmu, Nachschusspflicht, wato dole ka ƙaro kuɗi. Holger ya ce wannan kalmar korar mutane za ta yi, a bar ta da Ingilishi kamar yadda kowa yake bari. Silke ta ce in aka bar ta, za ta cire sunanta ta ajiye aikin. Aikin kuwa shi ke riƙe da ɗan ofishinta.

Frau Wiegand, mai kula da sashen shari'a na kamfanin, ta ce ba za ta raba gardama da baki ba. A tara mutanen gari, a karanta musu shafin da kalmar Ingilishin a ciki. In sun gane, kalmar Ingilishin ta zauna, Silke ta tafi. In ba su gane ba, ta Silke ta shiga.

To.

Ranar gwajin Holger da kansa ya zo ɗaukata. Rabon da ya roƙe ni wani abu tun kafin rasuwar mahaifiyarsa. Shi ya sa da ya ce in shiga cikin masu gwajin ban ce a'a ba. Ban gaya wa Silke ba. Na sa kwat ɗina ta zuwa coci, na goge takalmi.

A mota bai taɓa maganar aiki ba. Ya tambayi gwiwata. Ya tambayi tumatirin lambuna. Ya ce ƙungiyar ƙwallonmu ba za ta kai labari ba bana. Na ce haka ya faɗa bara. Tun yana yaro, in ya fara zagaye irin wannan, akwai abu a aljihunsa.

Ya ajiye motar a ƙarƙashin ginin kamfanin. Na san wurin. Ina cikin waɗanda suka tayar da ginshiƙan nan lokacin da wurin rami ne cike da ruwa. Na ɗora tafina a kan ɗaya. Yana nan daram.

Sai abin aljihun ya fito. Ɗan katin suna ne, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji. Ya matso zai maƙala mini, na riƙe hannunsa na karanta.

"Mene ne wannan?"

"Suna ne kawai, Baba."

"Na iya karatu. Kaltwasser. Sunan gidan mahaifiyarka ne."

"Dokar gwajin ta hana dangin ma'aikata shiga."

"Shi ne ka tono uwarka ta zo ta tare maka."

Ya kawar da kai. Ya ce awa ɗaya ce kawai, ba wanda zai tambaye ni takardar shaida, za a ba mu kofi da kek, in sha in tashi. Na ce kofi akwai a gidana. Na tambaye shi, Frankfurt cike take da tsofaffi marasa aikin yi, me ya sa sai ni?

Ya kama wasa da makullin mota. Na ce ba zan hau ba sai ya faɗa.

"Don na san ka," ya ce.

"Ka san me?"

"Ka taɓa cewa ba ka gane ba a gaban baƙo?"

Na dubi ginshiƙin. Ya ci gaba.

"Likitan zuciya ya yi maka bayanin magani, ka ce ka gane sarai. Ka dawo gida ka sa Silke ta buga masa waya, wai ita ce ba ta gane ba."

"Wannan likitan cikin hancinsa yake magana."

"Mai gyaran talabijin fa? Shi ma cikin hanci?"

Ya faɗa mini sauran a tsaye a wurin, ba ɓoye-ɓoye, kamar mai bayanin yadda ake haɗa siminti. Su shida za a gwada, shi ya zaɓe su duka. Maza, tsofaffi, masu sana'ar hannu, waɗanda suka saba a tambaye su, ba su saba tambaya ba. Mai yi musu tambayar kuma yarinya ce sa'ar jikarsu, mai ladabi. Tambayar ɗaya ce: ka gane, ko ba ka gane ba? Ya ce mutum ɗaya ya fasa zuwa a ƙarshe, shi ya sa ya nemo wanda ya fi kowa tabbas a cikin irinsu.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Baba. Ai ka ma san ma'anarta, ka ji mu muna faɗa a kanta ranar Lahadi. In ka ce ka gane, gaskiya ka faɗa. Ka zama yadda kake kawai."

An zage ni a duniya. Masu gini sun iya zagi. Amma ba a taɓa auna ni haka ba, tsawo da faɗi, a yanka mini gurbi daidai jikina kamar taga.

Na ce da shi 'yar uwarsa fa?

Ya ce Silke za ta sami wani aikin, masu tsarki irinta ba sa rasa wanda zai tafa musu. Shi kuwa mutanen Landan sun gaya masa a sarari, in sababbin masu ciniki ba su shigo ba a wannan shekarar, za su kawo wani daga can. Yana da yara biyu a makaranta. Ya ce kalma ɗaya ce a shafi mai ƙananan rubutu wanda ba mai karantawa.

"In ba mai karantawa, bar mata tata mana."

"Baba."

"Ashe dai ana karantawa."

Na karɓi katin daga hannunsa. Da kaina na maƙala shi, a gefen hagu, don kwat ɗin ita ke gare ni. Ya ɗauka na yarda ne. Na bar shi da abin da ya ɗauka.

A cikin lif, bari in gaya muku abin da nake tunani, don ku gane abin da ya biyo baya.

Silke ba ta taɓa miƙa aiki ba sai ta karanta mini shi. Ran Lahadi bayan cin abinci, ina feraye dankalin gobe, ta zauna da takardunta. Ba don na san kasuwa ba. Don ban sani ba ne. Ta ce ni ne igiyar awonta: in magana ta tsaya daidai a kaina, za ta tsaya a kan kowa. Kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa ce mini "ka gane?" ba. Ta san ubanta. Abin da take cewa shi ne, "Maimaita mini da bakinka."

In na maimaita ya fito karkatacce, ba ta yi mini dariya. Jan layi take yi a takardarta, ta ce laifinta ne, ta sake gini. Akwai wata kalma da ta sha wuyarta, ta cinikin da mutum yake yi da kuɗin da ya fi nasa yawa. Ta juya ta, ta juya ta, har ta tsaya a kan kalmar sandar ƙarfen da muke ɗaga dutse da ita. Ta ce in maimaita. Na ce ƙarfi kaɗan, ka ɗaga abu mai nauyi, in ya kuɓuce kuma haƙoranka ne. Ta ajiye biro ta ce shi ke nan, a kawo kek.

Wannan ita ce Silke. Holger kuma ya zauna a wannan teburin, ya ji duk wannan. A can ya koyi tambayar da ba a yi wa irina. Sai ya ɗauko ta ya ba yarinyar mutane.

Kafin mu kai sama ya sauka a wani bene, don kar a gan mu tare.

Ɗakin yana can ƙololuwa. Rabin garin a ƙarƙashin taga. Teburi dogo, kofi, kek ɗin tuffa. Bango ɗaya madubi ne gaba ɗaya, kuma Holger ya riga ya gaya mini akwai mutane a bayansa, suna ganinmu, mu ba ma ganinsu.

Biyar ɗin sun riga ni. Ina shiga na ga kaina sau biyar. Kwat ta coci, takalmi a goge, hannuwa manya an rasa inda za a ajiye su. Na kusa da ni ya ce sunansa Stoll, ya tuƙa jirgin ƙasa na cikin gari har ya tsufa. Na gaba da shi Emmel, mahauci, yatsunsa tara. Emmel ya ɗanɗani kek ɗin ya ce an yi shi ne a masana'antar da ake yin katifa. Stoll ya ce ai kyauta ne, ya ci ya yi shiru, masu cin tsiransa ma haka suka yi ta haƙuri. Ya dubi ƙirjina.

"Kaltwasser. Na Bornheim?"

Na ce eh. Matata can aka haife ta.

Ya ce ya san wani Kaltwasser mai gyaran keke, mutumin kirki, ba ya dariya. Surukina ke nan. Na ce na san shi.

Yarinyar ta shigo da takardu da 'yar na'urar ɗaukar magana. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu. Ta ce ba jarrabawa ba ce, ba amsar da take kuskure. Duk muka gyara zama kamar 'yan makaranta.

Ta raba mana shafin. Ta karanta shi da ƙarfi, a hankali. Jamusanci ne mai kyau, na gane hannun Silke a ciki, jimla gajera, ba kwana-kwana. Sai a tsakiya, inda na san kalmarta take zaune, an cire ta an dasa ta Landan. Kamar ka ga bangon da ka gina an zare bulo ɗaya an cusa kwali, an shafa fenti.

Ta fara daga can ƙarshen teburin.

"Ka gane wannan sashen?"

Na farko ya ce sarai. Na biyu ya ce ai a bayyane yake. Na uku ya gyaɗa kai, ta ce sai ya faɗa da baki saboda na'urar, ya ce ya gane. Emmel ya ce shi ya yi ciniki duk rayuwarsa, wannan ba sabon abu ba ne. Stoll ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce ba matsala.

Biyar. Ko na ce me, Holger ya riga ya ci. Ban san ma me ya sa ya wahalar da uwarsa ba.

"Herr Kaltwasser?"

Na dubi madubin. Tsoho ne a ciki, fuska a murtuke, da sunan matarsa a ƙirji.

Na ce takardar nan ba ta gaya mini komai ba a wannan wurin.

Ta yi murmushi. Ta ce ta ji, amma gurbi biyu ne a takardarta, sai ta cike ɗaya. Na gane, ko ban gane ba?

Ku da kuke karantawa, wasunku za su ce mene ne a ciki, kalma uku. Ku ba ku bar makaranta kuna da shekara goma sha huɗu ba. Ba ku yi rayuwa kuna gyaɗa wa masu zanen gini kai ba, sannan ku koma gefe ku auna da idonku ku gano abin da suke nufi. Mutum irina abin da yake da shi ke nan, kar a ga inda iliminsa ya ƙare. Na kurɓi kofin, ya huce.

"Ban gane ba."

Emmel ya dubi silin. Stoll ya ɗan ja kujerarsa, kaɗan, kamar abin yana yaɗuwa.

Yarinyar ta ce ba komai, ta gode, ta sa biro za ta cike gurbin. Na ce ban gama ba.

Na juya wajen Stoll.

"Herr Stoll, kai ka gane. Taimake ni. Maimaita mini da bakinka."

Yarinyar ta ce wannan ba ya cikin tsarin. Na ce ita ta ce ba jarrabawa ba ce, tsoho ne yake tambayar maƙwabcinsa.

Wuyan Stoll ya yi ja. Na san abin da nake yi masa. Na fi kowa sani a ɗakin nan. Amma na riga na tuɓe tawa rigar a gabansu, ba zan zauna ni kaɗai a haka ba.

Ya ce ai abu ne mai sauƙi. Kira ne. Kamfani zai buga maka waya in kasuwa ta motsa, ya ba ka shawara. Hidima ce da suke yi wa masu ciniki.

Emmel ya ce a'a, ba haka ba ne. Riba ce. In ribarka ta taru a gefe, sai su kira ka ka zo ka kwashe.

Na can ƙarshe ya ce shi a fahimtarsa ragi ne ake yi wa sababbi.

Suka dubi juna.

"Kai da ba ka gane ba," in ji Stoll, "wa ya naɗa ka malami?"

"Ba kowa. Ina so in san wanne zan ɗauka a cikin ukun nan. Na Emmel ya fi daɗi."

Emmel bai yi dariya ba. Ya juya wajen yarinyar ya ce ta faɗa musu wanne ne daidai. Ta ce ba a ba ta izinin yin bayani ba. Ya ce shi fa bai hau bene mai tsawon nan don a bar shi a rataye ba.

Na tambaye ta, babu abin nan da harshenmu ne?

Ta dubi takardunta. Ta dubi madubin. Akwai shafi na biyu a ƙasa, na ga gefensa. Daga baya na ji an ce mata kar ta fito da shi sai in yawancinmu mun ce ba mu gane ba. Yawancinmu kuwa mun ce mun gane. Yarinya ce, aikinta ne, ba wanda zai zarge ta in ta tattara ta fita.

Ta zaro shi.

Ta karanta sashen daga farko. Da ta zo wurin, kalmar Silke ta faɗo a kan teburin kamar an sauke dutse.

Ba wanda ta tambaya ko ya gane. Emmel ne ya yi magana, a hankali, yana kallon hannunsa mai yatsu huɗu.

"Wato in nawa ya ƙone, su biyo ni gida."

Na can ƙarshe ya ce ashe ba a iya abin da ka zuba asarar take tsayawa ba.

Stoll ya cire tabarau, bai goge ba wannan karon. Ya ce shi da ya zo da niyyar in an tashi ya tambayi yadda ake buɗe irin wannan cinikin, don surukinsa yana ta yi masa daɗin baki. Ya dube ni. Ba godiya a idonsa, kuma ban nema ba. Ya tura mini farantin kek ɗinsa da bai taɓa ba. Na ci. Emmel ya yi gaskiya, katifa ce.

Sai aka buɗe ƙofar da ke gefen madubin.

Mace ce ta fara shigowa, doguwa, gashinta fari an yanke shi gajere. Ba sai an gaya mini Frau Wiegand ce ba. Holger yana bayanta, fuskarsa kamar farar ƙasa.

Bayansa kuma Silke.

Ban san tana can ba. Ashe tun shigowata take kallona. Ba fuskata ta duba ba. Ƙirjina ta duba, inda sunan mahaifiyarta yake.

Frau Wiegand ta gode wa biyar ɗin, ta ce yarinyar za ta raka su. Ta ce Herr Kaltwasser ya ɗan dakata. Stoll ya dafa kafaɗata da zai wuce, ya ce in gaida mai gyaran keke. Na ce ya rasu. Ya ce to, shi ya sa ya daɗe bai gan shi ba.

Da ƙofar ta rufe, Frau Wiegand ta kashe na'urar. Ta zauna a kujerar Stoll, ta dube ni a tsanake, kamar mai duba bango ko ya tsage.

Ta ce ta ga abubuwa biyu yau. Ta ga mai fassararta ta toshe baki da hannu lokacin da na shigo. Sannan ta ga haɓata. Ta ce duk ranar Litinin tana zama taro tana kallon irin wannan haɓar, kuma ba ta yi tsammanin akwai biyu a Frankfurt ba.

"Dokar gwajin ta hana dangi," ta ce. "In kai Kaltwasser ne, ka ce mini haka, in yarda, kowa ya koma aikinsa. Mene ne sunanka?"

Na dubi Holger. Idonsa yana roƙo. Wannan na zata.

Na dubi Silke. Ta girgiza mini kai, kaɗan, yadda Frau Wiegand ba za ta gani ba. Ita ma. In na faɗa, za a ce ita ta shigo da ubanta ya lalata gwajin, kuma ta ɓoye cewa ƙanenta ne a kamfanin. Ko kuwa ƙanen take karewa, ban sani ba. Rabon da 'ya'yan nan su so abu ɗaya tun suna kwana ɗaki ɗaya. Yau sun haɗu, kuma abin da suke so shi ne ubansu ya musanta sunansa.

Na zare katin. Allurar ta ɗan kama zaren kwat ɗin, na bi ta a hankali. Na goge shi da babban yatsa na sa a aljihun ciki. Ba na barin sunan matata a kan teburin wasu.

"Alwin Bechtold. Birkila. Wancan ɗana ne."

Ta gyaɗa kai.

"Waccan kuma 'yata ce."

Wannan ba ta zata ba. Ta juya ta dubi Silke, ta daɗe. Silke ba ta sunkuyar da kai ba. Holger ya jingina da bango.

Frau Wiegand ta jawo takardar yarinyar, ta ja layi a kan gurbina. Ta ce amsata ta faɗi, ba za a ƙirga ta ba. Na ce na sani. Ta ce saura biyar, kuma ta ji su da kunnenta, kafin shafi na biyu da bayansa. Ba ta buƙatar wani gwajin.

"Kalmar Jamusanci za ta shiga. Da manyan baƙaƙe."

Silke ta rufe ido. Abin da ya kawo ni ke nan, kuma ya tsaya.

Na dafa teburin zan tashi. Ta ce in zauna.

Ta ce kalma ta ƙare, saura mutane. Wani ya shigo da mutum gwajinta da sunan da ba nasa ba. Mutanen Landan za su tambaye ta, kuma ba za ta ce musu ba ta sani ba. Wanda ya yi wannan zai ajiye katin shigarsa a ƙasa yau, kuma za ta tabbata duk wani kamfani a titin nan ya ji dalili.

Holger ya buɗe baki.

"Ni ce," in ji Silke.

Ta riga shi. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Yarinyar da ta yarda ta rasa ofishinta don kar a yi wa baƙi ƙarya da kalma ɗaya.

Holger ya rufe bakinsa. Na jira ya sake buɗewa. Na ba shi lokaci. Bai buɗe ba.

Frau Wiegand ba ta dubi ko ɗayansu ba. Ta sake kunna na'urar, ta turo ta gabana.

"Ba su nake tambaya ba. Herr Bechtold, na ga kai ba ka iya ƙarya ba ko da an maƙala maka ita a ƙirji. Wanne a cikinsu ya kawo ka?"